Daga Ramin Kuza Zuwa Gidan Motsa Jiki: Tarihin Ƙiba da Rama a Jos

Birnin Jos, wanda yake zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga doron teku, gari ne da aka gina da ƙarfin jikin ɗan Adam tun kafin manyan injuna su iso, kuma a cikin shekaru ɗari da 'yan kai da kafuwarsa, ma'anar da mazaunansa suke bai wa ƙiba da rama ta sauya fiye da sau ɗaya. Jikan leburan da ya yi dakon ƙasa a ramin kuza har haƙarƙarinsa suka bayyana, shi ne a yau yake fita sassarfa da asuba a titin Rayfield ko titin Zariya domin ya rage tumbi, yana hawa sikeli duk mako yana mamakin yadda nauyinsa ya ƙi sauka alhali wandonsa ya fara yi masa yawa. Ilimin jiki yana da amsar wannan mamaki, sai dai ba za a gane yadda lamarin ya zama damuwar mutanen Jos ba sai an koma ga aikin da ya ƙera jikin kakanninsu, da yadda aikin ya gushe ya bar cimar da aka saba ci dominsa.

Kafin zuwan Turawa, al'ummomin wannan yanki, wato Birom da Afizere da Anaguta da maƙwabtansu, manoma ne masu noman acca da tamba da dawa a ƙasa mai duwatsu, kuma da rani sukan fita farautar gayya a ƙafa ko a kan ƙananan dawakinsu. Ta gefen arewa kuma akwai Hausawa a Liruwen Dalma da suke wanke kuza a rafi, su narka ta, su sayar wa fatake. Wanda duk ya rayu a irin wannan hali, jikinsa yana bin rumbunsa ne, yakan cika bayan kaka ya zube a tsakiyar damina lokacin da hatsi ya yi ƙasa noma kuma ya yi tsanani, saboda haka ƙibar da take zama shekara da shekaru ba abin da talaka ya sani ba ce.

A 1902 kamfanin Turawan Ingila mai suna Niger Company ya turo George Nicolaus ya binciko tushen kuzar da ake gani a kasuwannin Arewa, bayan shekara guda kuma Kanar Henry Laws ya biyo sawunsa, ya fara sauka a Tilden Fulani kafin ya matsa Naraguta. A shekarun farko babu hanyar mota balle ta jirgi, don haka a ka ake ɗaukar kuza ana tafiyar kwanaki da ita zuwa Loko a bakin Binuwai, kowane ɗan dako da kaya mai nauyin kusan fam 60, wato kimanin kilo 27, har sai da ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso wajen 1914, babban layin gabas kuma a 1927. Zuwan jirgin ya sauƙaƙa dakon nesa, amma bai taɓa aikin cikin rami ba, inda lebura yake sara da diga, ya kwasa da shebur, ya cika kwano ya aza a ka ya haura da shi zuwa wurin wanki, ya dawo ya sake, tun hantsi har yamma. Hausawa 'yan cin rani daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, da Barebari, da Tibi, da mutanen tsaunukan kansu maza da mata waɗanda neman kuɗin haraji ya sauko da su, duk sun yi wannan aiki a barikoki irin su Bukuru da Barikin Ladi da Bisici da Gana Ropp. Jikin da irin wannan aiki yake samarwa jiki ne marar kitse, mai taurin jijiya, amma ba mai cikar tsoka ba, domin tsoka ba ta girma da wahala kaɗai, tana bukatar nama ko wake ko madara da isasshen hutu, albashin lebura kuwa bai wuce na tuwo da miya ba.

Daga nan ne ƙiba ta sami darajarta a bariki. Waɗanda ake gani da teɓa su ne heluma, wato shugaban lebura, da ɗan kwangila mai kawo ma'aikata, da ɗan kasuwar da yake ba su bashin hatsi, da malamin ofis mai rubuta kwanakin aiki, kuma duk wanda ya dube su ya san sun bar ɗaukar kwano. Idan aka ce wa mutum ya yi kyau, ko ya murmure, ko hutu ya karɓe shi, to yabo ake yi, kuma yabon yana da hujja, domin a zamanin da zazzaɓi ko atini kan kwantar da mutum makonni, wanda yake da ajiyar kitse ya fi ramamme damar tashi. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka fara motsa jiki da gangan a Jos don gudun nauyi su ne waɗanda ba sa aikin ƙarfi ko kaɗan, wato Turawan kamfani da na mulki, waɗanda suka mayar da garin wurin shan iska saboda sanyinsa, suna buga golf a Rayfield suna wasan folo, yayin da leburansu suke ganin abin wauta ce mutum ya gajiyar da kansa ba a biya shi ba.

Mafi munin shekaru a tarihin jikin lebura su ne na 1942 zuwa 1944. Da Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai samar wa Ingila kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, abin da talakawa suka kira diban gwamna, aka riƙa ɗebo manoma daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai ana kawo su Filato su yi watanni suna haƙa. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya wallafa littafinsa a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya a 1981, ya bayyana yadda aka tilasta wa kusan mutum 100,000 wannan aiki, aka zuba su a bukkokin da ba sa tare iska, a ƙasar da hunturunta ya fi ƙarfin tufar mutumin Sakkwato ko Binuwai, a daidai lokacin da hatsi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu, waɗanda suka koma gida kuwa sun koma a ƙanjame. An sami kuzar da ake nema, domin a 1943 abin da aka fitar ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, amma hukumar da ta iya ƙirga kowane tan ba ta iya ciyar da waɗanda suka haƙo shi ba, kuma wannan laifi ne da bukatar yaƙi ba ta wanke shi.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma, a can Amurka, aka aza harsashin ilimin da yake rarrabe abin da jiki ya ƙunsa, wato a san nawa ne kitse a cikin nauyin mutum, nawa ne kuma tsoka da ƙashi da ruwa da kayan ciki. A 1942 likitan sojan ruwa Albert Behnke ya auna 'yan wasan ƙwallon Amurka ta hanyar nutsar da su a ruwa, dabarar da ta dogara a kan cewa kitse ya fi tsoka sauƙi yana kuma son tasowa sama, sai ya tarar da yawancin waɗanda jadawalin tsayi da nauyi ya ce sun yi ƙiba ba su da wani kitsen kirki, tsoka ce ta yi musu nauyi. Tsakanin 1944 da 1945 kuma Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya tara samari 36 da suka yarda a rage musu abinci na tsawon makonni 24, har kowannensu ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, sannan aka sake ciyar da su ana auna su. Abin da aka gani shi ne kitse ya riga tsoka dawowa, har ya zarce yadda yake tun farko kafin tsokar ta cika, kuma yunwar da suke ji ba ta lafa ba sai da tsokar ta dawo. Wannan ita ce hanyar da jikin da yunwa ta ci yake bi, ko na ɗan diban gwamna ne da ya koma ƙauyensu ya tarar da kaka, ko na matar da ta takura wa kanta da ƙin cin abinci na wata biyu sannan ta saki. Tsohon mai wankin kuza ba zai sha wahalar gane zancen ba, domin ya san nauyin kwano ba ya faɗin abin da ke cikinsa, sai an wanke an raba yashi da kuza ake sanin abin da aka samu.

Bayan samun 'yancin kai, aikin da ya kafa garin ya riƙa ja da baya a hankali, kuzar da ke kusa da doron ƙasa ta ƙare, kamfanonin waje suka fara janyewa bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, sannan farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985. A wannan tsakanin Jos ta zama hedikwatar jihar Binuwai da Filato a 1967, ta Filato a 1976, ta sami cikakkiyar jami'a a 1975, ta cika da sakatariya da bankuna da makarantu da masana'antu, 'ya'yan lebura suka zama ma'aikatan kujera da direbobi da masu shaguna a kasuwar Terminus. Burodi da shayi mai sukari da lemon kwalba da soyayyen dankalin Turawa suka shiga cimar yau da kullum, acaɓa ya ɗauke tafiyar ƙafar da ta rage, da aka hana shi a cikin gari a 2012 kuma Keke Napep ya gaje shi. Malmalar tuwo dai ba ta ragu ba, girmanta yana nan irin na mai haƙa, ga shi kuwa mai cin ta ya wuni a zaune.

Akwai kuma wani rukuni da Jos ta fi yawancin garuruwan Arewa yawansu, wato waɗanda suka taɓa gina jiki da horo sannan suka bari. Garin da ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa Mighty Jets ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United kuma ta ci a 2017, garin da ya haifi 'yan ƙwallo Mikel Obi da Ahmed Musa, yana da dubban samarin da suka yi shekaru suna atisaye a filayen unguwa ba su kai ko'ina ba, ga tsofaffin sojojin barikin Rukuba, ga 'yan dambe da 'yan kokawa, ga waɗanda suka sha horon ƙungiyar Man O' War a tsaunukan Shere. Idan irin waɗannan suka yi aure suka kama sana'a, cikin 'yan shekaru sai a ga tumbi ya fito, jama'a kuma su ce tsokarsu ce ta narke ta zama kitse. Wannan kuskure ne, domin tsoka da kitse halittu ne daban, ɗaya ba ta rikiɗa ta zama ɗaya. Abin da yake faruwa shi ne tsokar da aka daina sa wa aiki tana motsewa, cin abincin da aka saba lokacin atisaye yana nan, rarar kuma jiki yana adana ta a matsayin kitse. Saboda haka mutum yana iya shekara biyu nauyinsa bai sauya sosai ba alhali abin da ke ƙarƙashin fatarsa ya sauya ƙwarai.

Cutar ƙanjamau, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a 1986, ta ƙara wa rama baƙin jini a daidai lokacin da ya kamata a fara tsoron ƙiba. Har zuwa wajen 2004, lokacin da magungunan rage kaifin cutar suka fara wadata a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da taimakon shirin Amurka na PEPFAR, duk wanda ya zube da sauri sai an yi ta raɗe-raɗi a kansa, don haka ko mai ciwon suga da likita ya umarta ya rage nauyi yakan ji nauyin yin hakan. A gefe guda kuma 'yan mata da amare suka rungumi ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe, waɗanda a cikinsu akwai masu ƙara cin abinci, akwai kuma irin su dexamethasone da suke tara ruwa da kitse a fuska da ciki suna cinye tsokar hannu da cinya, suna kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Cikar da ake samu ta wannan hanya ita ce mafi sharrin ƙiba, domin sikeli yana hawa ƙarfi yana sauka.

Bincike mafi amfani da aka yi a kan wannan batu a Filato shi ne na Robert Glew da Dorothy VanderJagt na Jami'ar New Mexico tare da abokan aikinsu likitocin Jos, waɗanda suka yi amfani da na'urar da take ratsa jiki da ƙaramar wutar lantarki marar cutarwa, ta ƙiyasta kitse bisa ga cewa wuta ta fi saurin bin tsoka mai ruwa. A rahotonsu na 2001 sun nuna cewa Fulani makiyaya na tsaunukan Jos suna samun kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai, galibi na nono da man shanu, amma duk da haka ba su da ƙiba kuma kitsen jininsu yana daidai, saboda jimillar abin da suke ci ba ta da yawa kuma a kan ƙafa suke wuni. Da suka kwatanta su da mazauna cikin Jos bayan 'yan shekaru, sai aka ga mutanen birni sun fi nauyi, kitsen jininsu ma ya fi yawa. 

Wanda ya yanke shawarar komawa motsa jiki bayan ya yi ƙiba, jikinsa yana bin matakan da sikeli ba ya iya bayyanawa. A makon farko ko na biyu na rage tuwo da sukari nauyi yakan faɗi da sauri, amma mafi yawan abin da ya tafi ruwa ne, domin jiki yana adana sukari a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da kusan giram uku na ruwa, da zarar an koma cin abinci sosai sai ruwan ya dawo, kamar yadda masu azumi suke gani bayan salla. Kitse na gaskiya a hankali yake tafiya, tun da kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kimanin kalori 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bayarwa. Idan da yunwa kaɗai aka rage nauyi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zube ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwanta, wanda ke nufin mutum ya ƙanƙance amma ya raunana, jikinsa kuma ya rage yawan abincin da yake ƙonawa. Idan kuwa aka haɗa da ɗaga ƙarfe ko hawan dutse ko duk wani aikin da yake sa tsoka ta yi fama da nauyi, aka kuma ci ƙwai da wake da kifi da nono, to tsoka tana iya ƙaruwa a daidai lokacin da kitse yake raguwa, musamman ga mai ƙiba da wanda ya daɗe bai yi atisaye ba. A nan ne sikeli yake tsayawa cik har makonni, mutane da yawa kuma su karaya su bari, alhali kilo ɗaya na kitse ya fi kilo ɗaya na tsoka cin wuri da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa ɗamara take ƙara shiga ko da nauyi bai motsa ba. Tun a 1947 likitan Faransa Jean Vague ya nuna cewa kitsen ciki, wanda yake kewaye hanta da hanji, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari wajen jawo ciwon suga da na zuciya, kuma an yi sa'a shi ne yake saurin amsa motsa jiki. Gumi kuwa ba kitse ba ne, don haka masu sa rigar leda ko rigunan sanyi uku su yi gudu a sanyin Jos ruwan jikinsu kawai suke zubarwa. Lissafin da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a cikin kilo 10 na kitsen da aka ƙona, kilo 8.4 ta numfashi yake fita, sauran ne yake zama ruwa.

Tsohon ɗan ƙwallo ko tsohon soja yana da wata riba da sabon shiga ba shi da ita. A wani gwaji da Robert Staron ya wallafa a 1991, matan da suka yi makonni 20 suna ɗaga ƙarfe, suka bari na kusan makonni 30, sun dawo da ƙarfinsu da girman tsokarsu a cikin makonni 6 kacal da suka koma. A 2010 masana a Jami'ar Oslo suka nuna a jikin ɓeraye cewa zaren tsoka yana ƙara yawan cibiyoyin da suke sarrafa girmansa idan aka horar da shi, kuma cibiyoyin ba sa ɓacewa ko da tsokar ta motse. Sai dai kitse ma yana da nasa riƙon, domin binciken da aka yi a cibiyar Karolinska ta Suwidin a 2008 ya nuna cewa yawan ƙwayoyin kitse a jikin baligi ba ya raguwa idan ya rame, motsewa kawai suke yi suna jiran a sake cika su, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa wanda ya yi ƙiba tun yana yaro yake shan wahalar riƙe sabon nauyinsa.

Jos tana da abin da Kano da Sakkwato ba su da shi, wato iska mai sanyin da za a iya tattaki ko da rana, da tuddai a kowace unguwa, da kabeji da karas da ƙwai da acca a kusa, da gwaten da ya fi yawancin abincin kwali amfani. Amma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba garin gida biyu, har akwai titunan da mutum ba ya son bi shi kaɗai da asuba, mata kuma, waɗanda ƙiba ta fi kamawa bayan haihuwa, su ne suka fi rashin wurin da za su motsa jiki cikin sutura da kwanciyar hankali. A bayan gari kuwa har yanzu akwai samari da mata a ramukan loto, wato haƙar kuza ta hannu da ake nutsawa ƙasa kamar rijiya, jikinsu irin na kakanninsu na 1930, ramukan kuma suna ruftawa da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tare da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka, kuma tana ɗaukar ƙugun da ya wuce santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace a matsayin alamar haɗari. Ya kamata asibitocin unguwa da gidajen motsa jiki na Jos da Bukuru su ajiye tef ɗin awo irin na tela kusa da kowane sikeli, su koya wa masu zuwa su riƙa auna ƙugunsu sau ɗaya a wata a daidai cibiya, su kuma tabbatar bai kai rabin tsayinsu ba.